Ruwa Mai Hawan Tudu

Hausawa na cewa ruwa ba ya hawa tudu. To, 'yan'uwana malaman gobe, ni kam kullum dare ina ganin abin da ya ƙaryata wannan zance. Ku dubi fitilar da muke karatu da ita. Kananzir yana ƙasa, wuta tana bisa, amma lagwani ya ɗauko shi ya kai mata, ba famfo ba guga.

Ga dalili. Tsakanin zaren lagwani akwai kafofi ƙanana ƙwarai. Ruwa ko mai yakan manne wa jikin kafar, kuma yana riƙe da junansa, sai wanda ya manne ya jawo na bayansa. Haka zai yi ta hawa har nauyinsa ya tsai da shi. Wani likitan Ingila, James Jurin, ya bayyana a 1718 cewa iyakar ƙanƙantar kafa, iyakar nisan hawan ruwa. Cikin bututun gilashi mai faɗin milimita 1, ruwa yakan hau wajen santimita 3.

Ni ga yadda nakan nuna wa yara. Na cika kofi da ruwa, na ajiye wani ba kome kusa da shi, na sa tsumman auduga ya haɗa su. Kafin a tashi makaranta ruwa ya tsallaka. Sa'an nan na sake da tsumman da aka shafe da man gyaɗa. Wannan kam ba ya sha, don ruwa ba ya manne wa mai.

Kada mu ce wasa ne. Manoman firki wajen Dikwa sukan dasa masakwa bayan damina ta ɗauke, ta nuna ba ruwan sama, domin ƙananan kafofin laka sun riƙe mata laima. Kanwar gefen Tafkin Chadi ma haka take samuwa: ruwa ya hau daga ƙasa, rana ta shanye shi, kanwa ta rage. Hawan nan ne kuma ke cin gindin katangar ƙasa a Maiduguri da damina.

Da yawanmu za a tura mu ƙauyukan da babu ɗakin gwaji. Wanda ya ce sai ya sami kayan aiki zai koyar da kimiyya, yaransa za su fita da hadda kurum. Kofi biyu da tsumma ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah ya sa mu amfani yaran da za a ba mu amana, amin.