Cape Verde: abin da na gani a can, da abin da ya tuna min da Challawa

Tun ranar 13 ga Oktoba 2025 da Cape Verde ta ci Eswatini 3-0 ta samu gurbin gasar cin kofin duniya, mu kuma Kwango ta fitar da mu a bugun fenareti a watan Nuwamba, ake ta tambayata a majalisa da nan Facebook: wai ita wannan ƙasar a ina take? Don an san na taɓa zuwa. To bari in amsa gaba ɗaya, wanda ya ga tsawo ya yi haƙuri.

Aiki ne ya kai ni, taron bita na kwana biyar a Praia, babban birninsu. Da aka gama sai na ƙara kwana huɗu daga hutuna na shekara, da kuɗin aljihuna. Har yau uwargida tana min gorin kuɗin nan.

Tsibirai goma ne a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Senegal, tara ne ke da mutane. Aman wutar duwatsu ne ya samar da su duka. Turawan Portugal ne suka mulke su har zuwa 5 ga Yuli 1975. Mutanen ƙasar rabin miliyan ne da ɗoriya, amma baƙin da suka je hutu a 2023 sun haura miliyan ɗaya. Ruwan sama kaɗan ne, fari ya sha kashe musu mutane a tarihi. Duk da haka a Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun rabu da zazzaɓin cizon sauro.

Ga mai niyyar zuwa: ƙasar tana cikin ECOWAS, don haka lokacin da na je fasfonmu bai buƙaci biza ba, amma ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki, za a iya tambayarka. Ni ta Dakar na bi. Harshensu Fotugis ne da Kiriyol, Turanci sai a wuraren baƙi. Yawancinsu Kiristoci ne, Musulmi kaɗan ne, galibi 'yan Senegal da Gini. Babban abincinsu kachupa, masara ce da wake kamar dahuwar gida, sai dai sau da yawa ana saka naman alade, don haka ka tambaya kafin ka kai loma. Ni kifi na lizimta. Kuma hazon nan namu na hunturu yana kai musu, har yakan hana jirage tashi, kada ka matse ranakunka.

Kowane tsibiri da abinsa. Mai son rairayin bakin teku, Sal da Boa Vista. Mai son tsaunuka da korayen kwaruruka, Santo Antão. Kusa da Praia akwai Cidade Velha, tsohon garin da aka riƙa tara bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Ginshiƙin da ake ɗaure su a hukunta su yana nan a tsakiyar gari. Na daɗe a tsaye a wurin, jikina ya yi sanyi.

Amma inda ya tsaya min a rai shi ne Fogo. Dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 2,829, kuma mutane suna zaune a cikin kwarin da ke gindinsa, wurin da ake kira Chã das Caldeiras. A Nuwamba 2014 ya yi aman wuta, narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Ba a rasa rai ba, amma gidaje sun tafi. Mutanen suka dawo suka sake gini a kan baƙin dutsen. Suna noman inabi a cikin toka, wanda galibi giya suke yi da shi, wannan kam ba namu ba ne.

Saurayin da ya yi min jagora bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ban kai ƙololuwa ba, gwiwa ta ƙi, na zauna ina haki yana min dariya. Na tambaye shi me ya sa ba su bar wurin ba. Ya ce daga dutsen suke ci: shi yana hawa da baƙi, mahaifiyarsa tana ba su ɗaki da abinci, wani yana ɗauko su a mota. Ba katafaren otal, ɗaki ne mai tsafta da banɗaki mai tsafta, da farashi ɗaya ga kowa.

Wallahi a nan zaune Challawa ta faɗo min. Mu a Karaye muna da dam tun 1992, ruwa iya ganinka, ga masunta ga kifi, kuma daga Kano tafiyar yini ce a je a dawo. Amma ni da nake ɗan Unguwar Hajji, 'ya'yana ba su taɓa zama a bakinsa sun ci gasasshen kifi ba. Na tsallaka teku na biya kuɗi na kalli dutsen wasu, nawa ruwan ban kai kowa ba. Samarinmu kuma da an gama girbi sai cirani, Kano, Abuja, Legas.

Na san za a ce hanya, za a ce tsaro, za a ce gwamnati. Gaskiya ne, kuma ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke kwana a tebur. Amma rumfa mai tsafta, tabarmi, wurin alwala, banɗaki, mai gasa kifi da ba zai ninka kuɗi don ya ga baƙo ba, da kwalekwale mai rigunan kariya daga nutsewa, waɗannan ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Ƙungiyar samari ɗaya za ta iya farawa, da izinin masu kula da dam ɗin da sanin dagaci.

Ni dai na yi alƙawari, Asabar ta farko bayan an yi hutun makaranta zan kwashi yarana mu wuni a can, in Allah ya kai mu. Wanda zai zo ya faɗa a ƙasa mu san yawan kifin da za a tanada. Kuma a taimaka a haɗa ni da wani masunci mai amana, in yi magana da shi tun yanzu.