Awa Ɗaya Ta Kusa Raba Ni da Abincina

Duk lokacin da wani daga cikin 'yan ajinmu ya tambaye ni sana'ar da nake yi, nakan ɗan yi jim kafin in ba shi amsa. Wasu na ce mini sakatare, wasu na tsokanata da yaron Hajiya, mahaifiyata kuwa ɗan danne-dannen waya take kirana. Ni dai sakataren nesa nake kiran kaina. Abin nufi shi ne, mai sana'a yana can Kano ko Legas ko Ingila, ni kuma ina nan ɗakina a unguwar Sabo ta Badun, ina amsa saƙonnin masu sayen kayansa, ina tsara masa wanda zai gana da shi da lokacin ganawar, ina rubuta rasit, ina bin bashi cikin lalama, ina kuma fassara masa talla tsakanin Hausa da Yarbanci da Turanci. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido da yawancin iyayen gidana ba. Waya da tsohuwar kwamfuta su ne shagona.

Na faɗa wannan aiki ne a yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur muna zaune a gida. Da zaman ya ishe ni, sai na zauna na tsara wata takardar talla mai launi-launi, na rubuta cewa ina yin kowane irin aikin ofis ta intanet, na watsa ta a duk wani zauren WhatsApp da nake ciki, har da na 'yan makarantar allonmu. Kullum da safe sai na sake turawa. Bayan mako uku, ribar da na samu ita ce an kore ni daga zaure biyu, wani kawuna kuma ya bugo yana tambayar ko ɓarayi ne suka ƙwace mini lamba.

Mahaifina dillalin shanu ne, mahaifinsa kuma maigida ne da ke saukar da fatake a nan Sabo. Wanda ya karanta littafin da Abner Cohen ya fitar a 1969 kan Hausawan Sabo zai tuna yadda tsarin yake: bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka wurin maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, maigida kuma shi ne mai lamuni, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya. Babu takarda, babu sa hannu. Da Baba ya ga ina ta ƙorafin rashin kasuwa, sai ya ce, "Kai da kake cewa kana yin komai, wa zai yarda da kai? Ka taɓa ganin dillalin da ke sayar da shanu da goro da atamfa a rana ɗaya? Kuma ka taɓa jin na hau kan dakali ina shelar kaina? Dillali ba shi da sa ko ɗaya a kara. Bakin waɗanda ya yi wa aiki shi ne jarinsa."

Washegari ya haɗa ni da wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda wayarsa ta cika maƙil da saƙonnin murya da bai saurara ba. Na yi masa aikin mako guda kyauta. Na saurari saƙonnin kaf, na ware masu son kaya, da masu bin kuɗi, da waɗanda gaisuwa ce kawai, na rubuta masa a takarda ɗaya. A ciki har da wata mai gidan abinci da ta yi kwana goma tana neman buhu biyar ba a kula ta ba. Alhaji ya yi ta jinjina kai. Shi ya ba surukinsa lambata, surukin ya ba wata mai sayar da turaren wuta, ita kuma ta haɗa ni da ƙawarta, wata Hajiya ma'aikaciyar jinya a Ingila da ke haɗa kayan lefe a gefe. Tun daga nan na yar da waccan takarda mai launi. Tallata ta koma layi biyu: ina amsa saƙonnin masu sayen kaya da Hausa da Yarbanci da Turanci, daga takwas na safe zuwa takwas na dare, ga kuɗin wata. Idan na gama wa mutum aiki ya yaba, nakan roƙe shi abu ɗaya, wato ya ambace ni wurin mutum guda da ya san yana da irin matsalarsa.

A nan ne kuma na gane cewa darussan da muke ɗauka a aji, musamman na harshe da al'umma, ba don jarrabawa kaɗai aka yi su ba. Bakanuwar da ta turo tana tambayar kuɗin atamfa, in ka jefa mata farashi tsirara babu sallama babu ina wuni, ta tafi ke nan, domin a wurinta shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ko da a waya ce. Dattijuwar Bayarbiya kuma in ka kuskura ka ce mata "o" a maimakon "ẹ" na girmamawa, to ka zage ta, komai arhar kayanka. Baturen da ke aiko wa Hajiya kwalaye shi kuwa doguwar gaisuwa takura masa take yi, layi biyu yake so. Mutanen Maraɗi da Damagaram da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka wanda ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018, tana ba mutum damar ajiye shiryayyun amsoshi ya riƙa turawa da dannawa ɗaya, kuma ina amfani da su, amma ban taɓa tura ɗaya ba sai na ɗora mata sunan mai tambaya da gaisuwar da ta dace da shi. Mutane na gane amsar da aka yi domin su da wadda aka yi domin kowa.

To, ina cikin jin kaina gwani sai na yi tuntuɓe. Ingila na canza agogonta sau biyu a shekara: ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris a tura shi gaba da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a dawo da shi baya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu da namu ɗaya ne, daga nan kuma mu muke gabansu da awa guda. Ni kuwa a tsakiyar damina na fara aiki da Hajiya, don haka duk watannin nan in ta ce ƙarfe huɗu, huɗunta huɗuna ne. Ranar 30 ga Oktoban 2022 suka mayar da agogo baya, ni ina can ina fama da komawa makaranta, ban ma san an yi ba.

A makon ne wata uwar ango a Kaduna ta nemi a haɗa mata lefe akwati shida, ciniki mafi girma da Hajiya ta taɓa samu tun da na fara mata aiki. Ta ce tana son ta ga kayan ta bidiyo, ita da 'yan'uwanta, kafin ta tura kuɗi. Hajiya ta ce mini, "Ka sa mana Asabar ƙarfe huɗu, in na sauka daga aiki." Na sanar da Kaduna: ƙarfe huɗu, bayan La'asar. Ranar Asabar uwar ango ta tara ƙannenta, har da wadda ta taso daga Zariya takanas, suka zauna a falo suna jiran kira. Huɗu ta yi, na buga wa Hajiya, shiru. Na sake, shiru. Ashe a wurinta ƙarfe uku ne, tana cikin ɗakin marasa lafiya, wayarta na kulle a ma'ajiya. Ina ta ba su haƙuri ina cewa yanzu za ta kira. Biyar saura kwata uwar ango ta turo mini saƙon murya, cikin sanyin murya irin na wanda ransa ya gama ɓaci, ta ce, "Yaro, ka gaya wa uwar ɗakinka ba roƙo muka zo ba." Ƙarfe biyar daidai sai ga kiran Hajiya, cikin fara'a: "To, na sauka, haɗa mu." Na dubi agogon wayata, na tambaye ta ƙarfe nawa a wurinta. Da ta ce huɗu, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa.

Abin da zan faɗa yanzu ba abin alfahari ba ne. Ban gaya mata gaskiya a lokacin ba. Cewa na yi baƙin sun tashi, zan sake nemansu. A zuciyata na riga na shirya abin da zan ce: layi ne ya ƙi shiga. Wane ne a ƙasar nan zai musa wannan? Da na faɗi haka da an zagi kamfanin waya an wuce wurin.

Bayan Isha'i na sami Baba a tabarmarsa a ƙofar gida, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ban da kai, wa ya san yadda aka yi?"

Na ce, "Babu kowa, Baba."

Ya ce, "To yanzu a can Kaduna sunan wa ake ci?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Nata ake ci. Ana can ana cewa ta je Turai ta koyo wulaƙanci, alhali baiwar Allah tana bakin aikinta. Ta ba ka sunanta ka riƙe mata, ka bari ya faɗi a ƙasa, kuma kai kaɗai ka san inda ya faɗi. Kakanka ya taɓa sayar da fili ya biya kuɗin shanun da wani mahauci ya gudu da su, ba don shi ya ci ba, don a gidansa baƙon ya sauka. Kai ba a ce ka sayar da komai ba. Bakinka kawai za ka buɗe."

A daren na buga wa Hajiya na ce kuskurena ne, ban lura da canjin agogo ba, kuma ɗazu na ɓoye mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ka ja mini asara." Da safe na buga Kaduna, na gaida uwar ango, na ce, "Mama, laifin jiya nawa ne, Hajiya ba ta saɓa alkawari ba. Ni na ba ku lokacin da ba shi ba ne." Na yi mata bayanin agogon. Ta ce, "Ikon Allah, har agogo suke juyawa? To ka kyauta da ka faɗa, ka wanke ta. Amma mun riga mun yi magana da wata a nan." Ciniki dai ya tafi, bai dawo ba. Na ce wa Hajiya kada ta biya ni kuɗin watan, ta yanke rabi ta turo rabi. Mako biyu saƙonninta ba gaisuwa, daga "tura" sai "duba". Amma ba ta sallame ni ba, kuma har yau muna tare.

Daga wannan rana na kafa wa kaina wasu ƙa'idoji. Duk ganawar da zan tsara sai na rubuta lokacin ɓangarorin biyu, kowa da sunan garinsa. Ina tunatarwa ana gobe, in sake tunatarwa saura awa ɗaya. Duk abin da aka yi da baki, na kuɗi ko na lokaci, sai na mayar da shi rubutu na tura an ce haka ne. Idan kuma wani abu ya lalace, ni nake fara kira, ba na jira a kira ni. Wannan ta ƙarshe ta yi mini rana a 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik har a wasu bankuna. Kafin azahar na bi iyayen gidana ɗaya bayan ɗaya ta layin waya na gaya musu halin da ake ciki da abin da zai jinkirta. A ranar layin ne da gaske ya ƙi, kuma babu wanda ya yi shakkar maganata, domin ban taɓa ara masa laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma batun sirri. Mai wannan aiki yana riƙe da lambobin sirrin mutane, da sunayen masu sayen kayansu, da adireshin gidajensu, ya san wanda ake bi bashi da wanda aurensa ya kusa. A watan Yunin 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, amma tun kafin ta iyayenmu suna da sunan abin, wato amana. An sha tambayata lambobin matan da ke sayen kaya wurin Hajiya, har da tayin kuɗi. Amsata ɗaya ce: ba nawa ba ne.

Ya ku 'yan'uwana ɗaliban harshe, nakan ji wasunmu na cewa me mutum zai yi da digirin Hausa in ba koyarwa ba. Mu da muke karatu a nan Kudu muna da abin da mutane da yawa ba su da shi: muna kwana da Hausa, mu tashi da Yarbanci, mu shiga aji da Turanci. Akwai 'yan kasuwa birjik da ke asarar ciniki kullum don ba su da mai amsa musu saƙo da harshen da mai saye yake so. Sai dai harshen shigar da kai ƙofa kawai zai yi, cika alkawari ne zai zaunar da kai.

Wajen tsakiyar 2023 wata mai ɗinki a Kaduna ta bugo mini tana neman mai kula mata da saƙonni. Na tambaye ta inda ta sami lambata. Ta ce wata yayarta ce ta ba ta, ta ce mata, "Nemi yaron nan mai agogo." Yanzu haka a bangon ɗakina agogo biyu ne rataye, ɗaya na Badun ɗaya na Ingila, kuma duk ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba Baba da kansa yake leƙowa ya ce, "Malam sakatare, an juya na Turawan kuwa?" Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.