Shanun Da Ba Su Da Tozo

Ya ku 'yan makaranta, mai tafiya daga Kano kan hanyar Maiduguri, in ya ci kamar mil 80, sai ya ga duwatsu sun taso masa, wani bisa wani, sai ka ce tulin buhuna a kasuwa. To, ya iso Birnin Kudu ke nan. Nan na yi kuruciyata, nan kuma na yi wata wauta wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ran nan muka hau Dutsen Mesa da abokaina. A ƙarƙashin wani falalen dutse muka ga siffofin shanu an zana da jan launi. Ni kuwa sabon shiga boko ne, hannuna yana ƙaiƙayi. Sai na ɗauki gawayi, na soma rubuta sunana dab da ƙahon wata saniya. Ashe wani dattijo yana kallona. Ya ce, "Yaro, dakata. Dubi saniyan nan da kyau. Ina tozonta?"

Na duba, na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "Ka taɓa ganin irinta a garken Filanin ƙasan nan?" Na ce a'a. Ya ce, "To, wanda ya zana ta ya gani. Shi bai bar sunansa ba, ya bar maka labari. Kai kuwa za ka shafe labari ka bar suna."

Sai da na girma na gane zurfin maganarsa. Shanun da a ke kiwo a nan yau masu tozo ne. Zanen nan kuwa, da na Dutsen Habude da Dutsen Murufu, shaida ne cewa dā can an yi kiwon marasa tozo, waɗansu da dogayen ƙahoni, waɗansu da gajeru kamar muturu. Cikin 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bincika wurin, ya kuma ba da labarin duwatsun nan masu amo, waɗanda in an buga su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Ga gurabu nan a jikinsu, inda hannuwan mutanen dā suka cinye su da bugu.

Daga nan in ka nausa Gwaram, sai ka tad da kogin Bunga. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya wuce Jama'are, ya gamu da kogin Hadeja, su zama Komadugu Yobe wanda ya nufi Tafkin Chadi. Da rani yashi ne fari tas, yara na tsere a kai, masu lambu na ban ruwa a gefe. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ba mai yi masa wasa. Kogi kowace shekara ya kan komo, amma zanen dutse in ya gushe ya gushe ke nan.

A ƙasar Faransa, samari huɗu ne suka gano kogon Lascaux mai zanen dabbobi cikin 1940. Da numfashin 'yan kallo ya soma ɓata shi, sai aka rufe shi cikin 1963. Ku duba fa, numfashi kaɗai! Ina ga gawayi da ƙusa?

Saboda haka, in an ba ku hutu, ku je ku gani. Ku tafi da littafi da fensir, ku kwaikwayi zanen a takarda, ku tambayi tsofaffi abin da suka ji daga kakanninsu. Amma ku bar dutse yadda kuka same shi. Ni dai da gefen rigata na goge sunana ran nan, ban kuwa yi hasarar kome ba. Allah ya sa mu gane, amin.