Makaɗa a Kan Kuɗi

Tun muna yara mun san kan sarki ake bugawa a jikin kuɗi, ko na shugaban ƙasa. Shi kuwa makaɗi, nasa shi ne a manna masa kuɗin a goshi ranar biki, ya yi godiya, ya ƙara gaba. To, ga shi a Ingila an juya al'amarin, makaɗan ne aka manna wa kuɗi a jiki.

A shekarar 2020 gidan buga kuɗin Ingila, wato Royal Mint, ya fito da wata kwandala don girmama Queen, ƙungiyar masu kiɗan rok da aka kafa a Landan a 1970. Bayanta aka yi wa The Who tasu a 2021, aka yi wa Rolling Stones a 2022. Ba don cefane ake buga su ba. Saye ake yi a kan kuɗin da ya fi wanda aka rubuta a jikinsu, a adana.

Wani ɗan ƙanena da ke aiki a Landan ya kawo mini ta Queen tsaraba, mai fam 5. A fuska ɗaya akwai kan Sarauniya Elizabeth, wadda ta rasu a 2022. A ɗaya fuskar babu hoton kowa, sai kayan sana'a: fiyanon Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, da gangar Roger Taylor, da gitocin John Deacon da Brian May. Da na nuna wa dattawan majalisarmu a zango, wani ya ce, "Malam, yanzu maroƙa ne suka hau kuɗi? Lalle duniya ta zo ƙarshe!"

Ni dai ban ga ƙarshen duniya a nan ba. Shi Brian May, shi da mahaifinsa suka sassaƙa gitarsa da hannunsu daga tsohon katakon murhu, kuma da sisi yake kaɗa tsirkiyarta. I, sisin nan da iyayenmu suka yi ciniki da shi tare da taro da sule, kafin sidi ya zo a 1965. A Ingila ma an daina karɓarsa tun 1980, amma bai daina ci da wannan mutum ba. Wanda ya riƙe sana'arsa haka, don an sa kayan aikinsa a kan kuɗi ai ba a yi ɓarna ba.

Mu ma a nan Gana mun taɓa yin irin wannan. Takardar sidi 20,000 ta ɗauki hoton Ephraim Amu, masanin kiɗa, har canjin kuɗi na 2007 ya tafi da ita. Amma Osibisa fa, da Teddy Osei ya kafa a Landan a 1969, suka kai kiɗan ƙasar nan ko'ina a duniya? Ya rasu a 2025. Masu goge da kalangu na zangunanmu fa, waɗanda in ba su babu biki? Sau nawa aka hana ɗansu aure don an ce ɗan maroƙi ne?

Ba mu da gidan buga kuɗi a zango, wannan gaskiya ne. Amma muna da waya a aljihu. Tsohon makaɗin unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku ɗauki muryarsa, ku rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, tun yana da rai. Allah ya sa mu gane.