Wasiƙa Zuwa Ga Abba Kan Tabon Motarsa

Abba,

Mahaifiyarka ta ce duk ka damu da tabon da ya ƙi fita a bonet ɗin 'yar Kwatanon nan taka. Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai fenti.

Na san inda kake ajiye ta, gindin darbejiyar ƙofar gidanku. Inuwar da daɗi, amma tsuntsaye da jemagu a nan suke sauka. Kashinsu yana cin siririn rufin nan mai sheƙi da ke saman fenti, in rana ta gasa shi kuwa sai ya ƙara kamawa. Don Allah kada ka kankare da farce, kada soson ƙarfe ya je kusa. Ka jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ka shimfiɗa a kai kamar minti 10, sannan ka ɗauke kashin a hankali. Ban ce ka dirje ba, domin akwai yashi a cikinsa, shi ke barin zane.

Ɗigon kwalta da ke gefen ƙofa ruwa ba ya fitar da shi. Ɗan kananzir a tsumma ya isa, ka bar shi ya narke, ka bi da ruwan sabulu nan take. Danƙon itace kuma sanitiza na sassauta shi. Ko wanne za ka sa, fara gwadawa a lungun cikin ƙofa inda ido ba ya kaiwa. Tina kam ko da wasa, fentin ma za ta iya kwashewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke goge maka motar da busasshen tsumma da hunturu. Ƙurar nan ita ke kashe sheƙi. A fara kwara ruwa tukuna, a wanke a inuwa, a tsane kafin ruwan burtsatse ya bushe ya bar fararen ɗigo. Omo ma a rage, yana wanke folish.

In tabon ya fita amma ka shafa ka ji wurin ya zurma, to ya ci rufin, sai a nemi gwani ya goge da inji.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da jikokina. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka