Kuɗi Ne Ke Cin Ƙwallo, Ko Ƙafa?

A cikin duk gardamar da matasa ke yi a wannan zamani, babu wadda ta kai ta ƙwallon ƙafa tsawon rai. Gardamar siyasa takan lafa idan zaɓe ya wuce, ta tsadar hatsi kuwa kaka ce ke kashe ta. Amma ta ƙwallo ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Daga Surko zuwa Birnin Kudu, daga can har Gwaram, da wuya ka je teburin mai shayi ko gidan kallo ka tarar ba a ja daga ba. Ga 'yan Chelsea, ga 'yan Arsenal, ga na Manchester United, ga kuma na Barcelona da Real Madrid. Mu ma muna cikin masu wannan gardama, shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye ra'ayinmu a mujallar makaranta, ko ƙannenmu za su ƙaru.

Yayyenmu sukan ba mu labarin irin musun da suka yi a zamaninsu. Sun yi musu a kan ƙwallon da Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya a 1994, wadda ita ce ta farko da Nijeriya ta ci a gasar cin kofin duniya. Sun yi musu a kan ƙwallaye biyu da Nwankwo Kanu ya ci Burazil a gasar Atlanta ta 1996, da gudun Tijjani Babangida, da juriyar Garba Lawal. Duk musunsu a kan abin da ƙafa ta yi ne. Yau kuwa, da zarar magana ta yi zafi, sai ka ji wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai malam, nawa aka sayo naku?" Da an faɗi adadi, sai wanda nasa ya fi tsada ya miƙe yana taƙama, kai ka ce daga aljihunsa aka biya.

Adalci shi ne mu fara da hujjar masu wannan ra'ayi, domin ba ƙarama ba ce. Chelsea ta yi shekara 50 ba ta ɗauki kofin gasar Ingila ba, tun 1955. Attajiri Roman Abramovich ya saye ta a 2003, ya zuba dukiya, sai ga ta da kofi a 2005. Haka Manchester City: masu kuɗin Abu Dhabi sun karɓe ta a 2008, ta ɗauki kofin Firimiya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, ta kuma haɗa da kofin zakarun Turai a 2023. Wanda ya ce kuɗi ba sa aiki a ƙwallo, bai faɗi gaskiya ba. Da su ake ɗauko ƙwararren koci, da su ake gina filin atisaye, da su ake riƙe ɗan wasa kada wata ƙungiya ta janye shi.

To amma a nan muka rabu da su. Kuɗi suna sayo 'yan wasa, ba sa sayo haɗin kai. Ƙungiyar PSG ta Faransa, wadda mutanen Katar suka mallaka tun 2011, ta biya Barcelona yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba. Ta haɗa shi da Mbappé, sannan a 2021 ta ƙaro Messi. Muka ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ina! Real Madrid ta fitar da su a zagayen 'yan 16 a 2022, Bayern Munich ta maimaita musu a 2023. Sai da taurarin nan uku suka watse, sannan PSG ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2025, bayan ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema. Ba wai ta daina kashe kuɗi ba ne. Abin da ya sauya shi ne ta sami 'yan wasan da kowa ke gudu domin ɗan'uwansa. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Ga kuma Leicester City a 2016. An yi zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Jamie Vardy da ya riƙa ci musu ƙwallaye, fam miliyan 1 aka sayo shi daga wata ƙaramar ƙungiya mai suna Fleetwood. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya, kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba. Da irin waɗannan suka sha gaban dukkan attajiran Ingila. Ita kuwa Chelsea, a kakar 2022 zuwa 2023 ta sayi 'yan wasa kamar ba gobe, har da Enzo Fernández a kan fam sama da miliyan 100, amma ta ƙare a matsayi na 12.

Me ya sa farashi ba zai zama ma'aunin gwaninta ba? Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar dabbobi ya san amsa. Ragon da aka taya da sauƙi bayan Sallah, shi ne wanda kuɗinsa ya yi sama ana jajibiri, alhali ko ƙiba bai ƙara ba. Bukatar mai saye ce ta ƙaru. Haka abin yake a ƙwallo. Ana duba shekarun ɗan wasa, da sauran lokacin da ya rage a kwantiraginsa, da yadda sunansa zai sayar da riguna, da kuma matsuwar ƙungiyar da ke nemansa. Messi ya tafi PSG a 2021 ba a biya Barcelona ko sisi ba, domin kwantiraginsa ya ƙare. Haka Mbappé ya koma Real Madrid a 2024. Shin wa zai ce waɗannan biyu ba su da daraja don an same su ba ciniki?

Wannan ba ya nufin a daina gardama. Ai gardama ce gishirin kallo. Musun Messi da Ronaldo ma yana da daɗi idan an yi shi da hujja. Mai son Messi ya kawo kyautar gwarzon duniya guda 8 da kofin duniya na 2022 a Katar. Mai son Ronaldo ya kawo tasa kyautar guda 5, da kofin zakarun Turai 5, da kofin nahiyar Turai da ya ɗauka da Fotugal a 2016. Wannan musu ne na masu ilmi, kowa zai tashi ya ƙaru. Amma albashin da ake biyan Ronaldo tun da ya koma Saudiyya a 2023, me ya haɗa shi da iya murza leda? Kuma me zai sa abokai biyu da suke cin tuwo a kwano ɗaya su yi gaba saboda dukiyar mutumin da bai san akwai wani gari Surko ba? Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi damunmu shi ne, wanda ya saba auna ƙwallo da kuɗi, dole ya raina ta gida, domin a nan babu miliyoyin fam. Alhali kuwa muna da abin faɗa. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, lokacin Al Ahly ce ke riƙe da kofin, kuma ta fi Pillars dukiya nesa ba kusa ba. A wannan ƙungiya ce Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010. Shi ne ya zura wa Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ga Messi a fili. Da mutanen Kano sun tsaya tambayar nawa aka sayo shi, da ba su gane gwani a gabansu ba. Mu a nan jihar muna da Jigawa Golden Stars. Sai dai a gidan kallo za ka sami yaron da zai lissafo maka 'yan wasan benci na Liverpool kaf, amma ko ɗaya bai sani ba a ƙungiyar jiharsa.

Saboda haka, ga shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai. Idan gardama ta tashi, mu tambayi abokin musu abin da idonsa ya gani: yaya ɗan wasan ke karɓar ƙwallo, yaya yake bayarwa, yana komawa baya ya taimaka idan an ƙwace ta? Idan an tashi wasa, a yi dariya a yi musabaha, a bar zancen a ƙofar gidan kallo. Ranar da ake gasar gidaje a filin makaranta, ko unguwa da unguwa suke karawa da yamma, mu je mu tsaya a bakin fili mu tafa wa namu. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a bayan gari, idonmu da tafinmu ne jarinsa na farko, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ga masu bugawa kuma, kada jin miliyoyin Turai ya sa su yar da littafi, domin masu kai wa can kaɗan ne ƙwarai, ƙafa kuma tana tsufa da wuri.

Allah ya bar zumunci, ya kuma ba mai rabo sa'a.