Murar Hunturu Ba Abin Rainawa Ba Ce

Ya ku iyaye, mu da muka tashi a ƙasar Maraɗi mun saba, da zarar hunturu ya kama, tari da majina su bi gida-gida. Mukan ce “ai mura ce”, a dafa citta da kanumfari. Amma akwai mura mai tsanani, wadda ake kira grippe da Faransanci, mai kayar da mutum da zazzaɓi, har ta kai tsoho ko jariri ko mai juna biyu ga ciwon huhu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna tana hallaka mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara.

A Nijar, a 2009 cibiyar CERMES ta Yamai ta fara karɓar samfurin majina daga gidajen likita tana aunawa. Da irin wannan sakamako na ƙasashe ake sabunta allurar rigakafi, a Fabrairu da Satumba, domin ƙwayar cutar tana sauya kama. Shi ya sa allurar bara ba ta isar bana.

Don haka, kafin ɗari ya shigo, mu tambayi likita batun allurar dattawanmu, haka ma maniyyata kafin su tashi. Allah ya ba mu lafiya, amin.